ZAUREN MALAM: Hoton Gama Makaranta

Lokaci ya matso da 'ya'yanmu 'yan aji 11 za su zauna jarrabawar GCSE, watau cikin Mayu da Yuni, sakamako kuwa sai Agusta. Kafin su watse, makarantun nan na Edmonton da kewaye su kan kira mai ɗaukan hoto, a ɗauki kowane yaro shi kaɗai, sa'an nan a jera su duka a ɗauka. Daga baya kuma ga bikin ban kwana, wanda yara ke kira furom. Wannan biki daga Amurka aka aro shi, inda hoton ɗan ajin ƙarshe ya ke babban sha'ani.

Abin ba baƙo ba ne gare mu. A Kumasi ko Nima, ran da yaro ya yi sauka, a kan yi masa aski, a sa masa sabuwar riga, ya riƙe allonsa mai zayyana jama'a su gani. Hoton nan ma shaida ce cewa yaro ya kai ƙarshen wani zango.

Na san akwai dattawan da su ke ƙyamar hoto, malamai kuma sun yi saɓani a kansa. Shaihu Muhammadu Bakhit, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya rubuta cewa hoton na'ura tsare inuwa ne kawai, kamar abin da mutum ke gani a madubi, don haka ya halatta shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya shaida wa makaranta tun da wuri, ba a tilasta wa kowa.

To, ga wanda ya yarda, shawarata ɗaya ce: a bar yaro ya fito kamar yadda Allah ya halicce shi. Ku dubi Saidu Keita, mai ɗaukan hoto na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Ya kan ajiye kwat da agogo da rediyo, wanda ya zo ya ara ya ɗauki hoto da su. Hotunan nan an baje su a Paris a 1994, an kuma baje su a babban zauren Grand Palais a 2016. Yau rediyon ya zama tsohon yayi, abin da masu kallo ke tsayawa a kai fuskokin mutanen ne.

Saboda haka a fara da fata. 'Yan kasuwarmu sun sani, man bilicin mai hydroquinone haramun ne a sayar da shi a kanti a Ingila, ma'aikatan hukuma suna kwashe shi. Yarinyar da ta fara shafe-shafe saboda hoto, ƙuraje da tabo za ta samu. Ruwa da sabulu da man kaɗe da barci da wuri sun isa.

Sai gashi. A 2022 hukumar kula da daidaito ta ƙasar nan ta gargaɗi makarantu cewa kada a hukunta yaro saboda gashinsa na baƙar fata, ko kitso, ko abin rufe kai na addini. Kada uwa ta ji dole sai ta ƙona wa 'yarta gashi da man miƙarwa. A yi kitso kwana biyu kafin ranar, don goshi ya saki. Namiji ma a yi masa aski da sauran kwana biyu ko uku. Kayan makaranta kuwa a wanke, a goge, a ɗinke maɓallin da ya cire.

Sai kuɗi. Mai hoto zai aiko da takarda mai farashi iri iri, ba dole ne a sayi babba ba. Na furom ya fi haɗari: hayar mota, doguwar riga, takalmin dare ɗaya. Kada uba ya kwashe adashi ko ya taɓa jarin kasuwa don kada a ce ɗan wane ya fi nasa. Kayan aro ba ya rufe katara. Kaftani mai kyau da hula, ko atamfa da tela ya ɗinka da mutunci, ba su da abin kunya a gaban kowa.

Amma fa a yi shawara da yaron. Ɗan shekara 16 ba jariri ba ne, shi ne kuma zai tsaya gaban abokansa. Ku zaunar da shi, ku faɗa masa iyakar aljihunku da iyakar sutura, sa'an nan ku bar shi ya zaɓa a cikin wannan iyaka. Yaron da aka yi wa tsawa da safe, fuskarsa za ta nuna a hoto har ya tsufa.

In hoto ya fito, a wanke shi a takarda, gama waya ta kan ɓace da abin da ke cikinta. A rubuta sunan yaro da na ubansa da shekara a bayansa, da boko da ajami, a aika wa kakanni a gida su karanta, su sa masa albarka.

Allah ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa, ya raya mana su. Wassalam.