Jarumarki Ta Je Malesiya, To Me Ta Ci A Can?

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma zan yi magana ne a kan abin da wasu za su ce ba shi da muhimmanci, wato abinci a cikin labari. Duk wanda ke bin littattafan da muke sakewa a Facebook da WhatsApp da Wattpad ya san cewa ƙasashe uku ne suka fi cin kasuwa idan za a fitar da jaruma waje: Dubai don sayayya, Indiya ko Masar don asibiti, sai Malesiya don karatu. Ba laifi ba ne, tunda da gaske 'yan Arewa da yawa sun yi digiri na biyu da na uku a can, a jami'o'i irin su Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, da Universiti Utara Malaysia da ke Sintok a jihar Kedah. Damuwata ita ce, sai jaruma ta shekara huɗu a Kuala Lumpur, shafi ɗari biyu, amma ba ta taɓa sa komai a baki ba sai soyayyar shinkafa da kaza da lemon kwali. Abin da take ci a gidansu na Abuja shi take ci a can. To ina tafiyar?

Ni ban taɓa taka Malesiya ba, difloma ce da ni, kuma iyakata Kaduna da Kano. Amma ina da yayye biyu da suka yi karatu a can, na zaunar da su na yi ta tambaya har suka gaji da ni, na kuma karanta abin da na samu. Abin da na tarar ya isa a gina babi guda a kansa.

Mu fara da kalma ɗaya. A nan idan Inna ta aike ka sayo magi, ɗanɗanon miya take nufi. A Malesiya idan ka ce Maggi, taliyar leda kake nufi, irin wadda mu muke kira indomi, har suna da abinci mai suna Maggi goreng, wato soyayyar taliyar. Ku duba irin abin dariya da kunya da marubuci zai iya fitarwa daga nan: yarinya 'yar Funtuwa a makonta na farko ta shiga shago neman magin miya, a miƙo mata ƙunshin taliya, ta tsaya tana kallon mai shago yana kallon ta. Wannan layi uku ya fi shafi goma na "ƙasar ta haɗu iya haɗuwa" nuna cewa ta bar gida. Ita kanta Indomie da yaranmu suka ɗauka a nan aka haife ta, asalinta Indunusiya ce, maƙwabciyar Malesiya, kafin a fara yin ta a Ota ta jihar Ogun.

Sai wuraren da suke kira mamak. Musulmi ne 'yan asalin kudancin Indiya suke riƙe da su, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, kuma a nan ɗalibai ke zama su ci abinci mai araha su kalli ƙwallo. Shayinsu sunansa teh tarik, shayi ne da madara da ake ɗaga kofi sama a tsiyayo shi cikin wani kofin, a mayar, a sake, har ya yi kumfa. Wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi a tashar Funtuwa da asuba ya san wannan hannun. A teburin ne ake cin mee goreng, taliya ce rawaya mai kauri da ake soyawa a wuta mai ƙarfi da ƙwai da dankali da barkono da miyar waken suya, a yanko lemon tsami a gefe. A ciki akwai wasu 'yan gutsattsari farare da suke kira tauhu. Awara ce. Awarar nan da ƙannenmu mata ke soyawa a ƙofar gida da yamma, daga waken suyar da ake nomawa a Bakori da Ƙafur da Ɗandume. Ɗaya daga cikin yayyen nawa ya ce ranar da ya gane haka sai da ya ajiye cokali, don a take ya tuna layinsu.

Akwai kuma laksa, taliya cikin romo. Ta Penang, asam laksa, romon kifi ne mai tsami da ake yi da tsamiya, a zuba na'a-na'a da abarba da albasa. Wata kuma da madarar kwakwa ake yin ta. Mu tsamiya a kunu muka san ta, ba a romon kifi ba, don haka Bahaushe ba zai so ta a lomar farko ba, kuma marubuciyar da ta sa jarumarta ta ce "wow" a cokalin farko ta yi wa mai karatu ƙarya. Haka sukarin da suke sa wa a miyar barkononsu mai suna sambal: wanda ya tashi da miyar kuka zai yi mako yana mamakin yadda za a haɗa yaji da zaƙi. Suna da wani abu mai suna belacan, ƙananan jatan lande ne da ake barin su su ruɓa a daka a busar, idan ana gasa shi duk unguwa sai ta sani. Kafin jarumarki ta toshe hanci, ki tuna mata da daddawar da ta ƙunso a leda uku a ƙasan akwatinta. Kowa da warin da yake kira ƙamshi.

Ga wurin da abin ya wuce daɗin baki. Malesiya ƙasa ce da Musulmi suka fi yawa, amma akwai Sinawa da Indiyawa masu yawa da ba Musulmi ba. Akwai wata soyayyar taliya mai faɗi ta garin shinkafa, char kway teow, wadda a rumfunan Sinawa da yawa da kitsen alade ake soya ta, alhali Musulmi ma suna yin tasu ba da shi ba. Shi ya sa akwai hukumar JAKIM mai ba da tambarin halal, kuma baƙo yakan koyi duba tambarin, ko ya kalli su waye ke zaune a wurin, kafin ya ja kujera. Yarinyar da ta girma a Malumfashi ba ta taɓa tambayar ko abincin kasuwa halal ne ba, don tambayar ba ta taso ba. Ranar da ta fara yin wannan tambayar, ko ranar da ta gano bayan ta ci cewa ba ta yi ta ba, rana ce babba a rayuwarta. Mu kuma sai mu tsallake ta mu tafi wajen bayanin kalar mayafinta.

Na san abin da za a ce. Wata za ta ce, malam, ni ko fasfo ba ni da shi, kuɗin data ma da ƙyar, ina ni ina laksa? Gaskiya ne. Amma ke kika zaɓi kai ta can, ba wanda ya tilasta miki. Idan kin zaɓa, to bashin bincike ya hau kanki. A cikin wannan zauren kaɗai na tabbata akwai wanda ɗan uwansa ko malaminsa ya yi karatu a can. Ki tambaye shi me ya ci a daren farko, me ya kasa ci har ya dawo, me yake kewa yanzu. Ki tambaye shi me ya ɗauka a jaka, za ki ji garin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji. Ki kuma sani Malesiya tana gabanmu da awa 7, don kada jarumarki ta idar da sallar asuba ta kira mahaifiyarta a Funtuwa ta tarar ita ma ta idar da tata. A lokacin mu nan dare ne, wasu ma ba su kwanta ba. Masu karatunmu ba su jahilci duniya kamar yadda muke zato ba, kuma wanda ya kama ki da kuskure ɗaya irin wannan ya daina yarda da hawayen jarumar ma.

Wani kuma zai ce masu karatu hutu suke nema, sun gaji da tuwo a gida, ba sa son su tarar da shi a littafi. Wannan hujjar ta fi ta farko ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Mace ta wuni tana fama da icce da hayaƙi, da dare ta buɗe waya tana son ta ga wata duniyar. Hakkinta ne. Sai dai abin da muke ba ta bai kai wata duniya ba, jerin sunayen abinci ne da Turanci waɗanda mu ma ba mu san ɗanɗanonsu ba, muna kwafa daga littafin wata, ita ma ta kwafa daga na wata. Idan hutu ne, a kai ta ta ji ƙamshin shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa aka naɗe a ganyen ayaba, da soyayyar gyaɗa da ƙananan kifi a gefe, wadda suke kira nasi lemak suke karya kumallo da ita. Wannan ne fita.

Abin da ya fi ci min rai ma ba Malesiya ba ne. Mun kasa rubuta abincin can saboda ba mu saba kallon na gabanmu ba. Mu nan kudancin Katsina rumbun hatsi ne, tireloli ke ɗibar masara da dawa daga kasuwar Ɗandume zuwa ko'ina a ƙasar nan, amma sai ka karanta labarin da aka ce a ƙauyen Malumfashi ya faru, abin da za a ce kawai shi ne "ta ɗora tuwo". Wane tuwo? Na masara ko na dawa? Na hatsin bara da ya fara ƙwari, ko na sabuwar masarar da ba ta gama bushewa ba? A watan Agusta ne, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ake haɗawa da kwaɗon rama da tafasa, ko a kaka ne da kowa ke da abin kyauta? Miyar da nama, ko daddawa ce kawai ke riƙe da ita? Amsar waɗannan tambayoyin ita ce za ta gaya wa mai karatu arzikin gidan da watan da ake ciki da halin maigidan, ba tare da ka ce "su talakawa ne" ba. Gidan da aka yi fate da yakuwa sau uku a mako ya riga ya yi bayanin kansa.

Kuma mu ma muna da taliyarmu. 'Yar murji, wadda mata ke kwaɓa fulawa su murza a ƙaramin injin hannu, su shanya a igiya ko a kan sanda a tsakar gida, yara su fita da ita talla, a ci da manja da yaji, wani lokaci da wake. Mata nawa ne a Funtuwa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da wannan injin? Ban taɓa cin karo da jarumar da wannan ce sana'ar uwarta ba, alhali ga labari nan kwance: uwa tana murza taliya tana tara kuɗin jarrabawa, 'ya ta samu tallafin karatu ta tafi ƙasar da taliya ke da suna goma, ta zauna a teburin mamak tana tuna igiyar tsakar gidansu. Manjan da ake zubawa ma yana da nasa zancen. Bishiyar kwakwar manja asalinta Afirka ta Yamma ce, an fara shuka ta don kasuwanci a Malesiya a 1917 a jihar Selangor, yau kuma su da Indunusiya ne ke samar da mafi yawan manjan duniya. Jarumi ɗan manomi da ke cikin bas yana wuce gonakin nan marasa iyaka ba zai rasa abin da zai raya a zuciyarsa ba.

Rubutun tafiya ba baƙo ba ne a wajenmu. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Su sun tafi da ido da kunne, suka dawo suka ba mutanensu labari da Hausar da za su gane. Wanda bai da kuɗin jirgi yana da kuɗin mota. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori ba wata tafiya ba ce mai nisa, kuma a hanyar nan kaɗai akwai mai gasa masara a damina, da mai rake da mazarƙwaila na ƙasar Ɗanja idan sanyi ya shigo, da Fulani mata da ƙwaryar fura da nono, da mai ɗanwake da ke ciyar da 'yan ƙwadago kafin su shiga gona. Na san hanyoyin wasu ƙauyukanmu ba sa shiguwa yanzu saboda matsalar tsaro, kada kowa ya jefa kansa a haɗari don rubutu. Amma tashar garinku tana nan.

Ga abin da nake roƙo kafin mako mai zuwa. Kowa ya sayi abu ɗaya da bai saba ci ba, ko wanda ya saba ci har ya daina ganin sa, ya tambayi mai sayarwa yadda ake yi da nawa take samu a rana, sannan ya rubuta sakin layi ɗaya da wani zai ci abin a ciki. Sharaɗi biyu ne: kada kalmar "daɗi" ta fito, kuma kada a ce "haɗaɗɗe". Ni na riga na zaɓi nawa, dambun masara da zogale na wata baiwar Allah da ke zama kusa da tasha, wadda ta ce min sirrin yana wajen turarawa ta biyu, amma ta ƙi gaya min me take yayyafawa kafin ta mayar da shi madambaci.