Alfadari Da Uban Da Yake Ɓoyewa

Kowa ya san zancen nan da manya suke yi, wai an tambayi alfadari wane ne ubansa, sai ya sunkuyar da kai, can ya ce ai doki ne kawunsa. Da wannan zance ake yi wa mai jin kunyar asalinsa ba'a. Ni ma na sha faɗinsa ina dariya, alhali kuwa har na fara furfura ban taɓa tsayawa kusa da alfadari na dube shi da kyau ba, domin ba dabba ba ce da ake yawan gani a ƙasarmu. Sai da tafiya ta kai ni Amurka, wajen wani ƙanena da ke aiki a can, sa'an nan na ga garin da ake yi wa alfadari biki, ake kuma ambaton ubansa ba tare da an rage murya ba.

Sunan garin Ralston, a Jihar Wayomin, tsakanin Cody da Powell, gabas da babban gandun dajin nan na Yellowstone. Na ce gari ne don ladabi kawai, gama mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, unguwa guda a Zariya ta fi shi jama'a. Amma a watan Yuni da muka je, sai na tarar wurin ya cika da manyan motoci masu jan kejin dabbobi, waɗansu sun yi tafiyar kwana biyu kafin su iso. Kwanaki aka yi ana wasanni. An yi jerin gwano, an yi sukuwa, an yi gasar zarge maraƙi da igiya daga kan sirdi, duk a kan alfadarai. Kukansu kuwa abin dariya ne ga baƙo, domin yakan fara kamar haniniyar doki, ya ƙare da kukan jaki. A ranar ƙarshe aka yi gwanjo, wanda shi ne ainihin abin da ya tara mutane.

Ga wanda bai sani ba, alfadari ɗan jaki ne da goɗiya. Yana ɗauko girman jiki da ƙarfi daga wajen uwa, ya ɗauko dogayen kunnuwa da taurin kofato da jimiri daga wajen uba. Amma ba ya haihuwa. Masana sun ce dalilin shi ne ƙwayoyin gado na doki 64 ne, na jaki 62, sai alfadari ya fito da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. Akan sami alfadara ta haihu jefi-jefi, amma abu ne da ake bugawa a jarida idan ya faru. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana, domin a kanta ra'ayina ya rataya.

Tambayar da na fara yi wa kaina ita ce, me mutanen da kowannensu yake da tarakta da mota da babur mai ƙafa huɗu za su yi da alfadari? Da fari na ɗauka wasan masu kuɗi ne kawai, kamar yadda attajiri yake ajiye dokin hawan salla. Akwai wannan a ciki, ba zan ɓoye ba. Na ga mutanen da hannunsu bai taɓa sanin kanta ba suna ɗaga yatsa a wajen gwanjo. Amma wani dattijo mai garken shanu da muka zauna kusa da shi ya gyara mini tunani. Na ce masa, Baba, ga dawakai nan masu kyau a ƙasarku, me ya kai ka hawan ɗan jaki? Ya nuna mini duwatsun da ke yamma da mu, ya ce da bazara can sama shanunsa suke kiwo, kuma hanyar da ake bi a kai musu gishiri ko a gyara shinge, a waɗansu wurare faɗinta bai fi kamu biyu ba, gefe guda dutse, gefe guda rami. Ya ce doki idan ya firgita sai ya zabura, ko ina ne ƙafarsa ta faɗa. Alfadari kuwa idan ya ga abin da bai yarda da shi ba sai ya tsaya cik, ya duba, ba ya sa ƙafa sai inda ya tabbata. Abin da muke kira taurin kai ke nan, in ji shi, shi kuwa ya ce da wannan taurin kai ya kai shekarunsa na tsufa da ƙashinsa lafiya.

Akwai kuma wani dalili na doka. Tun 1964 Amurka ta kafa dokar da ta keɓe manyan dazuzzuka inda aka hana shiga da mota ko wani inji. Duk mai shiga can, ko ma'aikacin gandun daji ne mai gyaran hanya, ko mai yi wa mafarauta jagora, sai dai ya ɗora kayansa a bayan dabba. Jerin alfadarai ne suke wannan aiki, kowanne da akumari da mangala, an ɗaura ragamar na baya a jikin na gaba, kamar ayarin fataken da. A babban kwarin nan na Grand Canyon ma, fiye da shekara 100 alfadarai suka yi suna sauka da mutane da kaya. Haka nan a 2024, da guguwar Helene ta wanke hanyoyi a duwatsun Karolina ta Arewa, an ga alfadarai suna kai abinci da magani ga gidajen da mota ta kasa kaiwa.

Ba wai alfadari ba shi da aibu ba ne. Makiyayan da kansu sun ce wajen ware saniya guda daga cikin garke da sauri, doki mai kyau ya fi yawancin alfadarai. Yana da ƙiyayyar kare, wani ma yakan bi ɗan maraƙi ya taka idan ba a hore shi ba. Harbinsa ba ya kuskure, kuma ba ya manta wanda ya zalunce shi. Amma cinsa bai kai na doki mai girmansa ba, yana jure zafi da ƙarancin ciyawa, ba ya yawan cin hatsi har ya kashe kansa kamar yadda doki yake yi idan ya sami rumbu a buɗe, kuma yakan yi aiki shekara 20 ko fiye. Mutumin da yake lissafin kuɗin ciyawa da na likitan dabbobi ba ya raina waɗannan.

Gwanjon kansa shi ya fi tsaya mini a rai. Kafin a kira farashi, sai da aka fito da alfadaran da za a sayar a bainar jama'a, aka hau su, aka bi da su ta wuraren gwaji, masu saye suna tsaye suna kallo. Wanda ya ƙi wani abu, kowa ya gani. Sa'an nan mai gwanjo ya hau kan dakalinsa yana zuba magana da saurin da ban kama ko kalma ɗaya ba sai lambobi. Na ga an sayar da alfadari a kan kuɗin da zai sayi mota. Na kuma lura ba mafi kyawun gashi ba ne yake kai wannan farashi. Wanda aka ɗora wa yaro ya hau, aka ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya bai motsa ba, aka buɗe ƙofar shinge daga kan sirdi ya tsaya ya jira, shi ne ake rububi. Watau abin da ake saye shi ne shekarun da wani ya yi yana horonsa da lallashi, gama bulala ba ta hora alfadari, sai dai ta lalata shi. Duk wanda ya taɓa sayen dabba a kara, dillali ya rantse masa, ya kai gida ya tarar da gurguwa, zai gane abin da ya sa wannan tsari ya burge ni.

To, ga inda nake so in kai. Idan mutum yana da shanu ko awaki, ya bar su kawai, za su yi ta haihuwa, jikansa ya gaji garke. Alfadari ba haka yake ba. Kowane alfadari da na gani a Ralston, sai da wani ya ajiye jaki mai kyau, wani ya yarda ya ba da goɗiyarsa, aka jira kusan shekara guda, sa'an nan aka yi shekara uku ko huɗu kafin a ɗora masa sirdi sosai. Ranar da aka daina ajiye jaki, ko alfadarai miliyan nawa ne a ƙasa, tsara ɗaya ce ta rage musu. Shi ya sa masu kiwonsu suke maganar uban da muhimmanci. Suna da irin jakinsu na musamman, ƙato, wanda tsayinsa a kafaɗa yake kai kusan mita ɗaya da rabi. Tarihinsa ya koma har kan George Washington, shugabansu na farko, wanda Sarkin Sifen Charles na Uku ya aiko wa kyautar jaki a 1785, bayan haka kuma Lafayette na Faransa ya aiko masa da wani daga tsibirin Malta. Mutumin da zai zama shugaban ƙasa guda yana murna da kyautar jaki! Masu karanta Littafi Mai Tsarki ba za su yi mamaki ƙwarai ba, gama a kan alfadarar Sarki Dauda aka ɗora Sulemanu ranar da aka naɗa shi.

Su ma Amurkawan sun kusa yin sake. A wajen 1925 alfadaran ƙasar sun kai kusan miliyan 6, su ne suke noman auduga a kudu. Da tarakta ta zo sai aka yi ta zubar da su, sojoji ma suka rushe rundunarsu ta ƙarshe mai aiki da alfadarai a 1956, har irin ƙaton jakin nan ya shiga cikin dabbobin gida da ake tsoron ɓacewarsu. A Faransa abin ya fi muni. Yankin Poitou ya yi suna a duk Turai wajen fitar da alfadarai, amma da aka ƙirga jakunan irin nan a 1977, guda 44 kacal aka samu. Mutane ƙalilan ne masu naci suka hana irin ƙarewa, waɗanda maƙwabtansu suke yi wa kallon marasa wayewa. Saboda haka ni ban ɗauki bikin Ralston a matsayin shagali kawai ba. Kasuwa ce da take tabbatar wa mai jaki da mai goɗiya da mai horo cewa wahalarsu za ta biya, don haka su sake yi baɗi.

Ina zaune a wurin nan hankalina ya dawo gida. Mu ba mu da al'adar kiwon alfadari kamar mutanen Habasha, amma muna da uban, kuma muna cikin rabuwa da shi. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da ake sayarwa a matsayin magani. Jakunansu da suka kai miliyan 11 a 1992 sun ragu ƙwarai, sai masu sana'ar suka juyo Afirka. Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ko wata kasuwar dabbobi ta kan iyaka ya ga yadda aka riƙa loda jakuna a manyan motoci, ya kuma ga yadda farashinsu ya fi ƙarfin mai ɗiban yashi da mai sayar da itace. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024. Doka ce mai kyau, amma takarda ba ta tsare mota a kan hanya da dare. Jaka kuwa shekara guda take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, ba kamar akuya ba. Abin da mahauta za su yanka a mako, sai an yi shekaru ba a mayar da shi ba.

Na san za a ce mini ai ci gaba ne, ga babur mai ƙafa uku ya zo, wa yake bukatar jaki? Wannan ita ce maganar da aka yi a Poitou. Ban ce a ƙi inji ba, dattijon nan na Wayomin ma da motarsa ya jawo alfadarinsa zuwa biki. Amma shi bai sayar da ɗaya don ya sami ɗaya ba, domin ya san akwai inda motar take tsayawa. Mu ma mun ga inda take tsayawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, manomi nawa ne ya bar buhunan masararsa a gona yana jiran mai mota ya sauko da farashi? Da damina kuma, ƙauyuka nawa ne hanyarsu take yankewa, sai jaki ne yake kai hatsi kasuwa, ya kawo taki? Kuma yawanci matan gida da yara ne suke ɗaukar tulu da itace a ka idan jakin gidan ya tafi.

Ina ganin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin manoma da suke shirya bikin nuna amfanin gona kowace shekara za su iya farawa da abu mai sauƙi. Kamar yadda ake ba da kyauta ga mai bijimi mafi kyau, a ware aji na jaki, a gwada shi da kaya a gaban jama'a, a duba bayansa ko akwai gyambo, a saka wa wanda ya kula da nasa. Makarantun koyon aikin gona kuma su gwada haɗa jakunanmu da goɗiyoyi, a ga ko alfadari zai ja garma da amalanke a ƙasarmu, musamman a wuraren tuddai irin su Filato da Mambila. Kafin mu bar filin gwanjon na gaya wa dattijon nan zancenmu na alfadari da kawunsa. Ya yi dariya har ya cire hula, sa'an nan ya ce goɗiya ana samunta a kowane gari, amma shi mil 600 ya taɓa tuƙawa don ya kai tasa wajen jakin da yake so.