A Auna Kafin A Kwance

Duk wanda ya ƙetare gadar Kaduna ya nufi kudu a watan Mayu, ya ratsa Kakuri da Makera zuwa hanyar Kachia, da wuya ya rasa ganin tarakta a bakin gareji, garmarta a ƙasa, an buɗe bayanta, yara suna wanke ƙarafa a cikin kwano. In ka tambaya sai a ce maka ba ta ɗaga garma, famfo ne ya mutu. In kuwa ka sake tambaya yadda aka san famfon ne, sai a dube ka kamar ka yi rashin kunya. To, wannan tambaya ta biyu ita muke so akawuna da malaman makaranta su koyi yi, gama kuɗin jama'a da damina guda suna rataye a kanta.

Wata damina mun ga irin wannan da idonmu. Wata ƙungiyar manoma ta yi hayar tarakta da tirela mai juye kaya, tirelar ta ƙi tashi. Aka sayo sabon famfo aka sa, ta ƙi. Aka ce jabu ne, aka sayo wani. Sai da aka ci kwana goma sha, ruwa ya zauna, ciyawa ta rufe gonaki, sa'an nan wani dattijon makanike ya zo da geji a aljihun rigarsa. Kafin a sha ruwa ya nuna cewa taraktar lafiyarta ƙalau, robar da ke cikin silindar tirela ce ta cinye. Kuɗin robar bai kai na abincin da masu gyaran suka ci ba.

Ya kamata mu bayyana yadda abin yake aiki, don kada a ɗauka sihiri ne. Wani masani na ƙasar Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya nuna cewa in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana kai wa ko'ina daidai wa daida. A kan wannan ƙa'ida Harry Ferguson ya gina dabararsa ta haɗa garma da tarakta a wurare uku, mai yana ɗagawa yana saukewa, kuma ƙaramar taraktarsa da aka fara ƙerawa a Coventry ta Ingila a 1946 ta bazu duniya. Famfo yana tura man haidirolik, man yana tura fistin a cikin silinda, fistin yana ɗaga hannuwan da ke riƙe da garma ko haro ko rija. Akwai kuma wani bawul mai tsaro wanda ke buɗewa in matsi ya kai iyaka, don kada wani abu ya fashe. A yawancin taraktoci iyakar nan tana tsakanin bar 150 da 200, watau kimanin fam 2,200 zuwa 2,900 a kan kowane inci murabba'i. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da 'yan kai ba. Sai mai karatu ya kwatanta.

Awon kansa ba wuya. A sauke kayan noman ƙasa, a duba yawan mai da tsabtarsa, a bar injin ya yi aiki har man ya ɗumama, domin mai sanyi yana da kauri, yakan ɓoye laifin famfo. Sai a ɗaura geji a bakin da ake jona tiyon tirela, a ƙara wuta gwargwadon yadda littafin taraktar ya ce, a ja hannun na ɗan lokaci kaɗan, a karanta, a saki. Ba a daɗewa ana riƙe da shi, don mai yakan yi zafi. Shi ke nan.

Amma ga inda hankali yake shiga. In allura ta kai lambar da littafi ya faɗa, to, laifi ba na famfo ba ne, sai a koma kan abin da aka jona: ko robar silinda, ko bakin tiyo da bai shiga daidai ba, ko kuwa an ɗora wa ƙaramar tarakta garmar da ta fi ƙarfinta. In allura ta tsaya ƙasa da lambar, har yanzu ba a kama famfo ba tukuna, gama rariyar mai da ta toshe, ko iska da ke shiga ta wata kafa, ko bawul mai tsaro da ƙazanta ta hana shi rufuwa, kowannensu yakan kawo haka, kuma duk sun fi famfo araha nesa ba kusa ba. In allura tana rawa, mai yana kumfa, a nemi iska. In garma ta tashi da safe, ta ƙi tashi da hantsi bayan mai ya yi zafi, lalle akwai inda ya cinye a ciki, nan ne zato zai fara komawa kan famfo. In kuwa matsi ya cika amma garma tana tashi da sanyin jiki, yawan man da ke gudana ne ya ragu, wannan awo ne dabam. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya nemi inda mai ke tsiyaya da tafin hannu. Mai da ke fita ta ƙaramar huda da irin wannan ƙarfi yana huda fata, kuma raunin da ya yi kama da tsinin ƙaya yana iya kai mutum ga rasa yatsa. A sa kwali.

Wani zai ce mene ne ruwan akawu da wannan. Ruwansa babba ne. A zamanin En'e, wadda tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya maye gurbinta, ba a fitar da ko sisi daga baitulmali sai da takarda mai shaida, kuma wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba. Muna ba da shawara kada a sa hannu a takardar sayen famfo sai an rubuta lamba biyu a jikinta: abin da littafi ya ce, da abin da geji ya nuna, da sunan wanda ya auna. Akawu ba ya bukatar ya san riƙon sifana kafin ya gane cewa 110 bai kai 170 ba. Kowace tarakta ta hukuma ko ta ƙungiya ta zo da gejinta da ɗan littafi, a auna ta kafin ruwan fari, a rubuta. Shekara uku ana yin haka, littafin da kansa zai faɗi lokacin da famfo ya fara gajiya, sai a nemo shi da rani, ba a tsakiyar huɗa ba.

Mun san abin da makanikai za su ce: kunnensu da hannunsu sun ishe su. Ba mu raina wannan ba, akwai waɗanda ke jin kukan famfo su faɗi ciwonsa, kuma sau da yawa su dace. Sai dai kunne ba ya shiga fayil, ba a kuma koya wa yaro shi cikin shekara guda. Abin mamaki ma, kudancin Kaduna ba baƙon geji ba ne. Tun daga ma'aikatan jirgin ƙasa, da masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a Kakuri a 1957, da kamfanin haɗa motar Peugeot na 1975, unguwannin nan sun tara mutanen da suka yi rayuwarsu suna karanta allura. Masaƙar ta rufe a 2002, yawancin waɗanda suka san aikin sun tsufa, ilminsu yana tafiya da su.

Tarihi kuma ya riga ya yi mana kashedi a kan sayen ƙarfe ba tare da tanadin gyaransa ba. Aikin noman Mokwa da aka fara a 1949 aka nannaɗe a 1954 yana da dalilai masu yawa na faɗuwa, amma lalacewar injuna a cikin kututture da saiwoyi tana cikinsu. Tun daga nan gwamnatoci suka yi ta rabon taraktoci, da yawansu suka ƙare a bayan ofisoshi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu.

Malamai kuwa, ga darasin lissafi a hannu. Fistin mai faɗin inci 3 fuskarsa kimanin inci murabba'i 7 ce. A matsa ta da fam 2,500, za ta tura fam 17,500, watau kusan tan 8. In matsin ya faɗo zuwa fam 1,000, abin da ya rage fam 7,000 ne, tan 3 da kaɗan. Yaron da ya yi wannan a allo ya fahimci dalilin da garmar ubansa ta ƙi barin ƙasa. A kwalejin horon malamai mun gwada kai ɗalibai gareji da geji ɗaya na aro, kowa ya ɗaura, ya karanta, ya rubuta. Biyu daga cikinsu suka kawo lambobi dabam da na sauran, aka yi ta gardama, har aka gano su ne suka fara aunawa tun man bai ɗumama ba.