Wa ke riƙe da kyamarar gobe?

A shekarar 2009 fina-finai biyu masu hasashen gobe suka fito daga Afirka, kuma har yau ina ganin ƙaramin ya fi babban gaskiya.

Babban shi ne District 9 na Neill Blomkamp, haifaffen Afirka ta Kudu. Jirgin wasu halittu daga wata duniya ne ya maƙale a sararin Johannesburg, aka jibge su a unguwar ɗakunan kwano, aka kewaye su da waya. Wanda ya san District Six ya gane inda aka dosa: unguwar Cape Town da gwamnatin wariyar launin fata ta mayar ta fararen fata zalla a 1966, ta kori mutum sama da 60,000. Fim ne mai tausayin wanda aka wulaƙanta. Amma a cikinsa 'yan Najeriya ne 'yan daba, suna safarar makamai, shugabansu Obesandjo yana cin naman halittun don tsafi. Ministar yaɗa labaran Najeriya ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi, kuma ban ga laifinta ba. Garin share hawayen wani, sai fim ɗin ya tsone wa maƙwabci ido.

Ƙaramin kuwa Pumzi ne, na Wanuri Kahiu 'yar Kenya, minti ashirin da ɗoriya. Shekara 35 bayan yaƙin duniya a kan ruwa, mutane na zaune a kulle, ana tace fitsari da gumi a sake sha, ana ba su ƙwayar hana mafarki. Asha, mai kula da gidan kayan tarihi, ta samu ƙasa mai rai, ta tsere cikin hamada da ɗan tsiro, ta zuba masa ragowar ruwanta, har gumin jikinta ta matse masa. A nan mace baƙar fata ce ke ɗauke da makomar duniya, kuma mace 'yar'uwarta ce ta rubuta labarin.

Masu cewa irin wannan sai da kuɗin Amurka su leƙa Kaduna. Matasan ƙungiyar The Critics da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle suka fara yin irin waɗannan fina-finai, har mai shirya fina-finan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Furodusoshin Kannywood fa, me suke jira? Ina ƙishin ganin fim da Hausa kan Tafkin Chadi bayan shekara hamsin, wanda ɗan masunta ko 'yar makiyaya za su rubuta da kansu.