Ɗiyanmu masu kaifin kai da maganar shiga rabin aji

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu da na rumfuna, ina gaishe ku da ƙoƙari. Yau ba maganar taro ko anko na zo da ita ba. Saƙon yana da ɗan tsawo, wadda ke gaban murhu ta sauke tukunya tukuna. Wadda ba ta karanta boko, don Allah a karanta mata.

Hutu ya kusa ƙarewa, Satumba na tafe, za a fara ɗaukar sababbin yara. Ina son mu yi magana kan yaron da Allah Ya ba kai. Kowace unguwa akwai shi, kun san shi. Shekararsa huɗu amma ya kusa Sabbi, ba wanda ya biya masa, ji kawai yake yi yayyensa na tilawa. Ko yarinyar da ke gyara wa uwarta canji in an zo sayen daddawa. Ga tambaya kamar ɗan jarida: ina rana ke kwana, mi ya sa gulbi ke cika da damina, wa ya koya wa kifi iyo. Har ki gaji ki ce ya tafi waje ya ba ki wuri.

Irin waɗanga yara hanya biyu muke bi da su, kuma duka biyun ni ban yarda da su ba. Mai ɗan hali ta tura shi gaba da gudu. Marar hali ta bar shi gida, ta ce ai yana da kai, duk ranar da ya shiga zai kamo. Ra'ayina shi ne a sa shi rabin aji da shekarunsa, a bar shi cikin tsaransa, a ƙara masa abin koyo. Bari in faɗi dalili.

Mu fara da mai gudu. Kin kai yaro makarantar kuɗi, an yi masa tambaya biyu uku a ofis, sai a ce: Hajiya, wanga ya fi ƙarfin nazare, a kai shi aji ɗaya kai tsaye. Kanki ya kumbura, wace uwa ce ba za ta ji daɗi ba? Ga kuɗin shekara biyu kin huta da biya. To zauna mu yi lissafi. Tsarin gwamnati shi ne shekara ɗaya ta share fage yana ɗan biyar, firamare yana ɗan shida, shekara shida can, uku ƙaramar sakandare, uku babba. Yaro ya gama yana wajen goma sha takwas. Naki ya shiga firamare yana ɗan huɗu, an tsallake masa aji shida kamar yadda aka saba yanzu, sai ya gama sakandare yana goma sha biyar. In an ƙara masa wani tsallaken a tsakiya, goma sha huɗu.

Daga nan sai ina? Jami'a ba ta ɗaukar wanda bai kai shekara 16 ba. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, cewa ma ya yi sai 18, kafin Tunji Alausa ya zo ya mayar 16. Hukumar JAMB ta bar wata 'yar ƙofa ga haziƙan da ba su kai ba, amma sai yaro ya ci 320 cikin 400 kafin ma a dube shi, sannan a sake tace shi. A 2025 sama da yara dubu arba'in sunka nemi shiga ta wagga ƙofa, waɗanda sunka wuce ba su kai ɗari ba. Sauran zaman gida, shekara ɗaya ko biyu. In namiji ne, majalisa da waya su raine shi. In mace ce, ba sai na faɗa muku ba. Yarinya ta gama sakandare tana zaune cikin gida, dangin uba sun fara cewa mi ake jira, masu sallama sun fara zuwa da la'asar. Yarinyar da anka ce za ta zama likita, gudun da munka yi da ita tun tana 'yar huɗu shi ne ya tsayar da ita.

Wata za ta ce a ƙara masa shekaru a takarda, shi ke nan. Da can ana yi. Yanzu tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma ranar haihuwar da ke NIN ita ke bin yaro ko'ina. In ta saɓa da ta makaranta, ke ce za ki yi ta zarya kina kashe kuɗin gyara. Ban da haka, mu da munka zauna gaban malaman Islamiyya mun san hukuncin ƙarya. Ki karɓo masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da ranarsa ta gaskiya, ki adana.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa. Kan yaron ya yi gaba, amma jikinsa da zuciyarsa suna nan shekara huɗu. Hannunsa bai yi ƙwarin riƙe fensir ya cika shafi ba. Barci na ɗaukarsa kafin azahar. Bai iya riƙe fitsari har a tashi tara ba, kuma yana jin kunyar tambaya. Shi ne ƙarami a aji, shi ake ƙwace wa abinci, shi ake turawa ƙarshen benci, kuma don ya fi su amsa tambaya sai su ƙara tsanarsa. Na ga yaron da ya shiga makaranta bakinsa bai rufuwa da surutu, kafin zango biyu ya koma shiru kamar an yi masa wani abu. Ba a yi masa komai ba, kayan da ya fi wuyansa anka ɗora masa. Ban ce har abada ba a tsallake wa yaro aji ba. Akwai wanda zama ajinsu zalunci ne a gare shi. Amma aji ɗaya, bayan malamarsa ta zauna da shi zango guda ta ga karatunsa da zamansa da yara, ba ranar farko a ofishin mai karɓar kuɗi ba.

Yanzu ga tawa damuwar babba, don mafi yawanmu nan muke: wadda ke barin yaro gida. Wata tsoron baki take yi, ta ce in an ga kansa za a kama shi da kambun baka. Addu'a ita ce maganin wannan, ki tofe shi safe da yamma, ki daina tsayar da shi gaban mata a gidan biki kina cewa karanta musu su ji. Amma ɓoye shi daga makaranta ba tsari ba ne. Wata kuma, Allah Ya yafe mana, kaifin kan ne ke ja wa yarinya. Tunda ita ce ba a cuta a canji, ita ake aza wa tire. 'Yar'uwarta mai sanyin kai tana aji, ita tana bakin titi.

Kuma wane titi? Wanda ya ratsa Kwalkwalawa ya nufi Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Tun 1975 anka kafa jami'ar nan. Ɗiyan mutane daga Kabi, Zamfara, Kwara har kudu suna wucewa ta gabanmu cikin bas safe da yamma, namu na miƙa musu kifi da kayan lambu ta taga. Lokacin ambaliyar 2010 da ruwa ya yanke hanyar, ƙasa duka ta ji labari don ɗalibai sun kasa shiga makaranta. Namu da hanyarsu ta zuwa can ke yankewa tun suna 'yan biyar, wa ya taɓa jin labarinsu?

Rabin aji ba alfarma ba ne. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta sa shekara ɗaya ta share fage cikin ilimin da gwamnati ke bayarwa kyauta a firamarenta. Ba sai kina da kuɗin makarantar kuɗi ba.

Na san abin da za ku ce: an kai shi, ya dawo ya ce kullum abu ɗaya ake maimaitawa, ya fara ƙiriniya, malama ta fara bulala. Gaskiya ne, yana faruwa. Yaron da ya gane abu a faɗa ɗaya, a ce ya maimaita shi sati biyu, dole ya tsokani na kusa da shi. A nan ina ganin makarantar allo ta riga boko wayo. Ku tuna yadda munka yi karatu. Yara talatin a zaure ɗaya, kowa da allonsa, kowa da inda yake. Wani na babbaƙu, wani na farfaru, wani ya yi nisa cikin izu. Wanda ya iya nasa ya biya wa malam, ya wanke, a rubuta masa na gaba. Ba ya jiran kowa, kuma ba a ɗauke shi daga cikin tsaransa an kai shi cikin gardawa ba. Abin da nake so mu roƙa wa yaranmu a rabin aji ke nan: a bar shi ajinsu, in ya gama a ƙara masa.

Ki je da kanki, kada ki aika. Ki gaida malama da mutunci, aji cike maƙil da ƙananan yara ba wasa ba ne, mu biyar ma a gida suna sa mu ciwon kai. Kada ki ce mata ɗana ya fi kowa, daga ranar kin haɗa shi da ita. Ki ce: Malama, ga abin da na lura yana yi a gida, ki duba min, in ya riga gamawa ko akwai ɗan littafi ko wani aiki da za a ba shi? Malamai da yawa suna jin daɗin irin wanga yaro in an zo musu ta ƙofar girmamawa.

A gida kuma ba sai kin sayi komai ba. Ki amsa tambayarsa, in ba ki sani ba ki ce mu tambayi kawunka. Ki yi masa tatsuniya ki tsaya a tsakiya ya ƙarasa. Ya ƙirga miki albasa, ya raba ta kashi-kashi. Ki rage miƙa masa waya don ya yi shiru. Kifin nan da muke sayarwa duka, a bar masa ko guda a miya. Nana Asma'u da muke alfahari da ita a cikin gida ta fara karatu, har ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata. Mu jikokin 'Yan Taru ne, renon kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Gwamnatin tarayya tana da makarantar haziƙai a Suleja, ana shiga ta jarrabawar da NECO ke shiryawa. Jigawa ma ta gina tata a Bamaina. Amma Suleja sai yaro ya gama firamare. Daga shekara huɗu zuwa goma sha ɗaya ba mai zuwa nemansa, daga uwarsa sai malamarsa.

Nan ne siyasarmu ta shigo. Ranar zaɓe mu ne farkon layi, mu ne ƙarshe, da goyo a baya cikin rana. In anka zo godiya sai atamfa da sabulu. Ba na raina kyauta, amma bana ina son mu ƙara da wata buƙata, kuma namu na jam'iyya za mu fara riƙewa kafin na waje. Kansila, shugaban ƙaramar hukumar Wamakko, sakataren ilimi, har SUBEB, a tambaye su da ladabi: firamaren unguwarmu tana da rabin aji? Ɗaki ne nasa na kansa ko gindin bishiya? Malamar da ke ciki ta karanci renon ƙananan yara a kwalejin ilimi, ko wadda anka rasa inda za a kai ce anka ajiye nan? Kwamitin kula da makaranta, SBMC, akwai kujerun mata a ciki. Wa ke zaune a kansu a unguwarku? In ba ku sani ba, to da sauran aiki.

Don haka kowace shugabar mata ta mazaɓa ta ɗauki mutum biyu, ku leƙa firamaren da ke kusa da ku satin da anka koma. Ku gaida hedimasta, ku ga ajin da idonku: tabarma, ruwan sha, makewayi, da yawan yaran da ke hannun malama ɗaya. Ba faɗa za ku je yi ba, kuma kada a ɗauki hoton ɗiyan mutane a watsa. Ku turo min saƙon murya ta lambata, ba cikin guruf ba. Zan haɗa duka a takarda ɗaya mu karanta a zamanmu na wata, sannan mu zaɓi waɗanda za su raka ni mu miƙa ta.

Wassalam.
Taku, shugabar mata, Kwalkwalawa.