NARAYI: WANE ALKAWARI NE ƊAN MAJALISA ZAI IYA CIKAWA?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, masu neman kujerar Majalisar Wakilai ta mazaɓar Chikun/Kajuru sukan shigo Narayi da alkawura uku waɗanda kunnuwanmu suka saba da su: aikin yi, gidaje, da kuma ruwa da wuta da asibiti. Ba mu ce ƙarya suke yi ba. Abin da muke cewa shi ne, mu daina tafa wa mutum a kan abin da ba ya hannunsa, mu tsare shi a kan abin da yake hannunsa.

Mu fara da aikin yi, domin nan ne ciwon yake. Narayi da maƙwabtanta sun bunƙasa ne da albashin ma'aikatan masana'antun Kakuri. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe ƙofa a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, wasu har suka rasu ba a biya su ba. UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, su suka durƙusar da su. Ga kuma matatar mai ta Kaduna, wadda aka ƙaddamar a 1980 a cikin wannan Ƙaramar Hukuma ta Chikun, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ta yi shekaru ba ta tace ko ɗigo ba. To, don Allah, keken ɗinki hamsin da babur ashirin da ake rabawa gaban 'yan jarida, su ne za su maye gurbin wannan? Sashe na 88 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Majalisa ikon bincike. Ɗan takarar da ya ce zai tsaya a kan kuɗin da aka zuba wajen gyaran matatar nan, wannan shi ya yi mana magana ta aikin yi.

Batun gidaje kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun Gwamna, ba ɗan majalisa ba. Kuma kowa ya san yadda rikicin 2000 da na 2002 suka raba Kaduna gida biyu, jama'a suka sayar da gidajensu da arha suka tsallaka kogi, wasu kudu wasu arewa. Wanda zai yi maganar gidaje a Narayi bai taɓo amincin da zai sa mutum ya zauna inda ya ga dama ba, lallai bai fara ba.

Abin da yake hannunsa kai tsaye shi ne kason mazaɓarsa daga kuɗin ayyukan mazaɓu, waɗanda hukumar ICPC ta fara bin diddiginsu a 2019. Mu nemi ya rubuta mana: rijiyar burtsatse nawa, a wace unguwa, wane ɗan kwangila.

Kada mu manta, Ekene Adams na jam'iyyar Labour da ya ci kujerar a 2023 ya rasu a watan Yulin 2024, kujerar ta zauna babu kowa har zaɓen cike gurbi na Agustan 2025. Fiye da shekara guda ke nan, har aka zartar da kasafin 2025 babu wanda ya yi magana da yawun Narayi a zauren.