Kafin Mu Zuba Man Bini-da-zugu a Tsohuwar Mota, Mu Duba Tiyo

Duk shekara sai an samu 'yan HND da suka haɗa man bayodizal a matsayin furojet. Wasu daga 'ya'yan bini-da-zugu, wasu daga dogon yaro, wasu daga tsohon man suya. A zuba a kwalba, a ɗauki hoto, a ci maki, shi ke nan. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma ta daɗe tana aiki a kan irin wannan mai, kuma tun 2007 Najeriya ke da manufar gauraya kashi 20 na bayodizal cikin man gas. To amma injin wa za a zuba wa?

Ku bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ku tsaya Kajiji ranar kasuwa, ku dubi abin da ke ɗaukar hatsi da dabbobi. Tsofaffin Marsandi 911 ne, da taraktocin Massey Ferguson da suka girmi yawancinmu, ga injinan niƙa a gefe. Waɗannan su ne masu bukatar mai mai sauƙi, kuma su ne bayodizal ya fi yi wa illa idan aka zuba da ka.

Injin kansa ba ya ƙin man. Tiyo ne matsalar. Yawancin motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da robar asali ko robar naitiril aka yi musu tiyon mai da robobin cikin injekta. Bayodizal yana ratsa irin wannan roba, ta kumbura, ta yi laushi, ta fara gumi. Ƙananan tiyon da ke mayar da rarar mai daga nozul su ake fara gani sun jiƙe. Daga nan iska ta shiga layi, mota ta mutu tsakiyar hanya, ko mai ya riƙa ɗiga kan injin da ya ɗau zafi a ranar watan Afrilu. Idan kuma ba a wanke methanol ɗin da ya rage a man ba, kamar yadda masu gaggawar difens kan yi, ɓarnar ta fi sauri.

Abin da ke jurewa sananne ne: robar Viton, ko tiyo mai shafin Teflon a ciki. A jikin tiyo akwai rubutu, mai lamba SAE J30R9 ya fi J30R7 juriya nesa ba kusa ba. A ƙarfe kuwa a guji jan ƙarfe, tagulla da tankin da aka shafa wa zinki, don suna sa man saurin lalacewa. Sitil da alminiyom babu laifi. Sannan a riƙe filta na biyu a mota, don man zai kwaso dattin shekaru daga tanki ya toshe na farko.

Na san abin da za a ce: Viton akwai tsada, samunsa a Sakkwato sai an sha wuya, ga jabu. Gaskiya ne. Amma ai yawancin layin mai ƙarfe ne, robar 'yan gutsattsari ce. Wanda bai iya canzawa ba ya tsaya a gauraya kaɗan, kashi 5 zuwa 20, yana duba tiyonsa. Kada dai wani ya ɗura tsantsa a motar bawan Allah da ke ci da iyali da ita. Mota ɗaya ta mutu a Kajiji, wallahi kafin magariba direbobin Bodinga da Shagari sun gama ji cewa man 'yan boko yana kashe inji, kuma ba wanda zai tsaya tambayar tiyo.

Shi ya sa nake ganin malamanmu su daina karɓar furojet ɗin bayodizal da babu gwajin roba. Ba ya cin kuɗi fa. A sayo tiyo iri uku ko huɗu daga masu kayan gyara, a yanka, a auna nauyi da kauri, a jiƙa cikin man na wasu makonni, a sake aunawa. 'Yan kanikanci da 'yan kimiyyar dakin gwaji su haɗa kai, sakamakon a rubuta shi da Hausa a takarda ɗaya, a kai wa makanikan garejin Kajiji.